An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Amsa ga Mai Cewa Mu Ne Muka Yi Yawa

Ƴan'uwa, duk wanda ya karanta fitowarmu ta baya ya ga maƙalar da aka buɗe ta da ita, wadda wani ɗan'uwanmu ya rubuta a kan jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro. Wasu sun yi masa dariya a zamanmu na Asabar, suna cewa ina ruwan mutumin Buza da metro, garin da ko layin dogo bai taɓa gani ba. Ni dai ban yi dariya ba. Ƙasarmu ƙasar ƴan bida ce. Da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da wani a Abijan, ko Legas, ko Aljeriya, ko ƙasar Makka, kuma a waɗannan wurare irin jiragen nan wasu sun fara aiki, wasu ana kan gina su. Mu ɗin ma da ke karatu, gobe Yamai za mu, ko Dakar, ko inda Allah ya ajiye rabonmu. Saboda haka maganar tamu ce.

Abin da ɗan'uwan ya faɗa kashi uku ne. Na farko, wai a manyan birane cunkoson fasinja ne ke sa jirage makara. Na biyu, wai rashin tarbiyya ne ke kawo cunkoson: turereniya, riƙe ƙofa, kutsawa ciki kafin na ciki su fito. Na uku, wai tun da halinmu ya fi na kowa muni ta wannan fanni, ko an gina metro a Yamai gobe, kafin wata ya mutu mun mayar da shi motar kasuwa, don haka mu gyara halinmu tukuna kafin mu nemi komai wurin hukuma.

Rubutun ya yi daɗin karatu, na kuma ga yadda aka riƙa gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan ne ya dame ni. Maganar da ke ɗora wa talaka laifin wahalar da yake sha tana saurin shiga kunne, don ba ta sa a binciki kowa. Zan bi ta daki-daki, in ba shi gaskiya inda yake da ita, in kuma nuna inda ya kauce.

Inda ya yi gaskiya

Jirgin metro ba mota ba ne da za ta kauce ta wuce wadda ke gabanta. Layi ɗaya ne, kowane jirgi yana bin bayan wani, kuma na'urar ba da hanya ba ta barin na baya ya shiga tasha sai na gaba ya fita ya yi nisa. Ke nan duk daƙiƙar da jirgi ya ƙara yana tsaye a tasha, waɗanda ke bayansa ne ke biyanta.

Ga wani lissafi nawa na misali, irin na allo. A ce tsakanin tashin jirgi da shigowar na bayansa ana bukatar minti 2, tsayuwar ɗaukar fasinja kuma minti 1. Ke nan kowane minti 3 jirgi ɗaya, a awa guda jirage 20. In kowane yana ɗaukar mutum 1,000, layin yana kwashe mutum 20,000 a awa. To a ce an yi cincirindo a bakin ƙofa, mai fita na turawa, mai shiga na turawa, wani ya sa ƙafa ya tare ƙofa don abokinsa ya iso, har tsayuwar ta kai minti 2. Yanzu sai kowane minti 4 ake samun jirgi, a awa guda 15 kacal, mutum 15,000. Sauran 5,000 suna nan tsaye a tasha, kuma su ne za su ƙara cika ƙofar jirgin da ke tafe. Ba a ƙara fasinja ko ɗaya ba, ba a rage jirgi ko ɗaya daga ma'ajiya ba, amma kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin layin ya tafi a bakin ƙofa.

Akwai kuma abu na biyu. In mutum 100 ke shigowa tasha kowane minti, jirgin da ya zo kan lokaci zai tarar da 300. In ya makara da minti 2, 500 zai tarar. Ɗaukar 500 ya fi cin lokaci, sai ya ƙara makara, a tasha ta gaba kuma ya tarar da waɗanda suka fi haka. Na bayansa kuwa yana samun tasha an share masa ita, sai ya yi ta matsowa har ya cim masa. Shi ya sa fasinja kan daɗe yana jira babu komai, can sai ga jirage biyu ko uku a jere, na farko kamar buhun albasar Galmi, na ƙarshe da kujeru babu kowa.

Har nan ni da ɗan'uwana bakinmu ɗaya. Amma ku duba lissafin da kyau. A misali na biyu, me ya fara faruwa? Jirgi ne ya makara, sannan mutane suka taru. Cunkoso na haifar da jinkiri, jinkiri na haifar da cunkoso. Mai son gaskiya sai ya tambaya wanne ya riga wani. Ɗan'uwana bai yi wannan tambaya ba ko sau ɗaya, kuma nan ne rubutunsa ya karye.

Abin da ya faru a New York

Birnin da ya fi kafa hujja da shi shi ne New York ta Amurka, kuma shi ne birnin da ya fi ƙaryata shi. Metron birnin yana da tashoshi 472, yana ɗaukar sama da mutum miliyan 5 a ranar aiki a shekarun da muke magana. A shekara ta 2017 abin ya lalace har gwamnan jihar, Andrew Cuomo, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan harkar a ƙarshen watan Yuni. Jinkirin da ake lissafawa a wata ya haura 70,000, alhali a 2012 bai kai 30,000 ba. Da aka duba takardun hukumar sufurin, sai aka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na jinkirin an rubuta shi a ƙarƙashin suna ɗaya: cunkoso. Jaridu suka ɗauka, jama'a suka yarda. Wannan labari ne ɗan'uwana ya tsinta ya tsaya a kansa.

Amma labarin bai ƙare nan ba. A 2016 da 2017 yawan masu hawa metron raguwa ya yi, jinkiri kuwa yana ta ƙaruwa, har a watan Janairu na 2018 jiragen da ke isa kan lokaci a ranakun aiki suka koma kusan kashi 58 cikin 100. In mutane ne matsalar, yaya za a yi su ragu ciwon ya ƙaru? Ƴan jarida suka tona, musamman na New York Times da Village Voice, sai ga abin da ke ƙasa. Kalmar cunkoso ta zama kwandon da ake jefa duk jinkirin da ba a san dalilinsa ba. Bayan wani haɗari da aka yi a kan gadar Williamsburg a 1995, an ƙara dasa na'urorin rage gudu a kan layuka. Da yawa daga cikinsu ba a saita su daidai ba, suna taka wa jirgi birki ko da direba bai wuce gudun da aka rubuta ba. Direban da birki ya kama hukunci ake yi masa, don haka direbobi suka koma rarrafe don tsira da aikinsu. Ga kuma na'urorin ba da hanya da wasunsu tun shekarun 1930 suke aiki. Jirgi ya yi ta jan jiki, ya iso a makare, ya tarar da taro, sai ma'aikaci ya rubuta cunkoso.

A Janairun 2018 aka kawo wani Bature ɗan Ingila, Andy Byford, ya shugabanci sufurin birnin. Bai fito yana wa fasinja wa'azin tarbiyya ba. Ya sa aka bi na'urorin nan ɗaya bayan ɗaya ana gyara saitinsu, aka ɗaga iyakar gudu a wuraren da babu haɗari, aka riƙa ƙirga daƙiƙoƙin da ke zubewa a banza. Zuwa tsakiyar 2019 masu isa kan lokaci sun haura kashi 80 cikin 100. Mutanen New York ba su sake hali cikin wata 18 ba. Su ne dai, da gaggawarsu da riƙe ƙofarsu. Abin da ya sake shi ne aikin masu riƙe da layin.

Masu cunkoso kuma masu cika alkawari

In da yawan jama'a kaɗai ne ke kashe jadawali, da Tokyo ta fi kowa makara. A can har ma'aikata ake ajiyewa masu farar safar hannu, suna taimakawa a tura mutane ciki don ƙofa ta rufu. Duk da haka a watan Nuwamba na 2017 kamfanin layin Tsukuba Express ya fito ya nemi gafarar jama'a don wani jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. In jirgi ya makara da ƴan mintoci, kamfani na ba fasinja takardar shaida ya kai wa maigidansa ko malaminsa. Ku lura da ma'anar takardar nan: kamfani ne ke cewa makarar nan tawa ce, kada a hukunta wannan bawan Allah. Ba na cewa Tokyo ba ta san jinkiri ba. Da safe ana samun ƙananan makara, kuma da yawansu a bakin ƙofa suke farawa. Amma an gina tsarin yadda minti 2 ba zai zama minti 20 ba.

Ɗan'uwana zai ce ai Japanawa ne, tarbiyya gare su. To mu je Landan, inda aka fara metro a duniya a 1863. Layin Victoria tun 2017 yana tura jirage 36 a awa lokacin tafiya aiki da tashi, wato kowane daƙiƙa 100 jirgi. An kai haka ne da sababbin na'urorin ba da hanya da sababbin jirage, har da dabarar ajiye wani direba yana jira a ƙarshen layi, yadda jirgi na tsayawa zai hau ɗaya kan ya juya da shi ba tare da an jira na farko ya tako tsawon jirgin ba. A Paris, layi na 14 da aka buɗe a 1998 ba shi da direba ma, kuma yana iya kawo jirgi kowane daƙiƙa 85. Layi na 13 ya yi suna wajen matsatsi shekara da shekaru. Maganin da aka yi masa shi ne sa ƙofofin gilashi a bakin dakalin tasha, da tsawaita layi na 14 zuwa Saint-Ouen a watan Disamba na 2020 don ya rage masa kaya.

Wanda ya san wani jirgi na zuwa bayan daƙiƙa 100 ba zai sa hannunsa a ƙofa ba. Wanda bai san ko akwai na gaba ba, zai sa hannu ya sa ƙafa. Riƙe ƙofa lissafi ne fasinja ke yi da abin da aka saba yi masa.

Jirgin Mina da Arfa

Ga misalin da ya fi kusa da mu, don wasu alhazan ƙasashenmu sun hau shi. A aikin Hajjin 2010 Saudiyya ta buɗe jirgin da ke haɗa Mina da Muzdalifa da Arfa. Tsawonsa kusan kilomita 18, tashoshi 9, uku a kowane wuri. An tsara shi ya kwashe mutum 72,000 a awa ta fuska ɗaya, kowane jirgi taragu 12, mutum kusan 3,000. Kwanaki kaɗan yake aiki a shekara, amma a kwanakin nan da wuya a sami layi a duniya mai irin nauyinsa.

Su wa ke hawansa? Tsofaffi, mata, mutanen ƙauye daga kowace nahiya, waɗanda ba su jin harshen juna, da yawansu ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba, ga zafi, ga gajiya, kowa kuma na tsoron lokacin ibada ya wuce shi. In ana neman taron da ya fi wuyar sarrafawa, wannan ne. Masu ginin ba su dogara ga halin kowa ba. Sun raba hanyar shiga da ta fita, yadda masu sauka da masu hawa ba su yin karo. Sun yi wuraren jira inda ake tara daidai cikin jirgi ɗaya kafin a buɗe musu. Sun ba kowane ayari lokacinsa. A can ma in ayari ya zo ba a kan lokacinsa ba ana shan wahala, wannan gaskiya ne. Amma darasin a fili yake: ana auna taro tun kafin ya iso ƙofa.

Ban da haka, wa ya ce ba mu iya tsari? Ku tuna filin Idi a garin nan. Dubban mutane, babu jandarma, babu igiya, ana cewa a daidaita sahu cikin ƴan mintoci kowa ya sami wurinsa. Dalili shi ne kowa ya san liman ba zai tafi da sallar ya bar shi ba.

Jiragen da suka tsaya babu cunkoso

Mu dawo Afirka. Alƙahira na da metro tun 1987, babban birnin Aljeriya tun 2011, Dakar ta buɗe jirginta na TER zuwa Diamniadio a Disambar 2021. Legas ta ƙaddamar da shirin metro a 1983 zamanin gwamna Lateef Jakande, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, sai a Satumbar 2023 aka fara ɗaukar fasinja a layin da ya tashi daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13. Shekara 40 ke nan. Wane fasinja ne ya riƙe wannan ƙofar?

Adis Ababa ta buɗe nata a 2015 da jirage 41. Bayan ƴan shekaru rahotanni suka nuna fiye da rabinsu na ajiye saboda rashin kayan gyara. Waɗanda suka rage dole su cika maƙil, dole a daɗe ana jiransu. Baƙon da ya sauka ya ga haka zai ce mutanen Habasha sun yi yawa, alhali jirage ne suka yi kaɗan. Abuja ta buɗe nata a Yulin 2018, aka dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai a watan Mayu na 2024. Shi kuwa ƙorafin da aka fi yi a kansa ma rashin fasinja ne, don tashoshinsa sun yi nisa da inda jama'a ke zaune.

Namu na gida fa? A Afrilun 2014 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Yamai, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kusan kilomita 140 har Doso, aka yi bikin buɗewa a Janairun 2016. Rigimar kwangila a ɓangaren Benin ta tsayar da sauran aikin, layin bai haɗu da Parakou ba, kuma ba a taɓa yin jigilar fasinja ta yau da kullum a kansa ba. Duk wanda ya bi hanyar Doso ya ga ƙarafan nan a gefen titi. Wannan jirgi ba mu tura kowa a ƙofarsa ba, don ba a taɓa buɗe mana ita ba.

Tashar garinmu

Yanzu in faɗa muku abin da ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai. Akwai shekarar da zan kai takarduna Tawa don wata jarrabawar shiga, kuma ranar ita ce ta ƙarshe. Laifina na farko ke nan, na yarda, ban tafi da wuri ba, ina jiran kuɗin mota. Daga Buza zuwa Tawa ta Keita tafiyar ba ta kai kilomita 150 ba. Ƙarfe 7 na safe ina tasha. Ɗan kamasho ya karɓi kuɗina ya ce saura mutum biyu. Ƙarfe 9 saura mutum biyu. Ƙarfe 11 muka tashi, a mota mai kujera 19, mu fiye da 25, ban da buhuna da akuya a sama. Kowane ƙauye sai an tsaya, kuma in na can baya ne zai sauka sai rabin motar ta fito, a kwance igiya, a sauke kaya, a sake ɗaurewa. Bayan Keita taya ta fashe, ta canjin kuma babu iska.

Na matsa kusa da direba na ce, "Baba, don Allah a taimaka, takardu gare ni, za a rufe ofis."

Ya dube ni ya ce, "Ɗan lakkwal, mi kake so in yi? Ku na kunka yi yawa."

Wata tsohuwa da ke zaune a gindin bishiya ta ce, "Mu munka yi yawa, ko kai ne ba ka ƙoshi da kuɗɗinmu ba?"

Muka isa Tawa bayan la'asar, an rufe. Shekara guda ta tafi.

Na daɗe ina jin haushin mutumin nan. Daga baya na zauna na yi masa lissafi. Motar ba tasa ba ce, akwai abin da zai kai wa mai ita kowace rana, ga mai, ga yaron mota, ga kuɗin tasha, ga abin da hanya ke ci. Ana biyansa ne a kan kowane kai, babu mai biyansa a kan lokaci. Duk kujerar da ta tafi babu kowa daga aljihunsa ta fita. Tsarin da yake ciki ya mayar da cunkoso riba, cika alkawari kuma asara. Amma maganarsa da ta ma'aikacin New York iri ɗaya ce: wanda ya cusa mu shi ne ke cewa mun yi yawa.

Ku gwada da manyan motocin kamfanoni irin su Rimbo da STM da ake hawa a kan babbar hanya, ta Madawa zuwa Yamai ko Maraɗi. Akwai tikiti, akwai lokacin tashi, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka yi turereniya a tashar ƙauye jiya, su ne yau ke tsaye suna jiran a kira sunansu. Ba a yi musu wanka da wani ruwa a hanya ba. Sun dai san kujerarsu na nan.

Haka a Yamai. Ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum miliyan 1 a birnin. Jami'ar Abdou Moumouni na ƙetaren kogi, a Harobanda, kuma daga 1970 har 2011 gadar Kennedy kaɗai ce ke haɗa gaɓar biyu. Ta biyu ta zo a 2011, ta uku a 2021. Ɗalibin da ke rububin shiga mota da safe, ya san in ta wuce shi babu tabbacin wata kafin darasi ya fara. Gada ɗaya ga birni guda tsawon shekara 40 shawara ce da wasu suka yanke, ko suka kasa yankewa.

Abin da ke kanmu da abin da ke kansu

Kada a fahimce ni a baibai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ture tsohuwa don ya riga ta shiga ya yi laifi, ko a Tokyo ko a Buza. Barin na ciki su fito kafin ka shiga, matsawa ciki maimakon tsayawa a bakin ƙofa, ƙin tare ƙofa, duk suna rage daƙiƙoƙin nan da na lissafa a sama, kuma ba su cin kuɗin kowa. Wannan ɓangare na rubutun ɗan'uwana ina tare da shi.

Inda na rabu da shi shi ne cewa mu gyara hali tukuna sannan mu tambayi hukuma. Wannan jeri ya juya abin a baibai, kuma yana da haɗari gare mu musamman. Mu ne za mu zama injiniyoyi da malamai da ma'aikatan magajin gari na gobe. Wanda ya taso da imanin cewa jama'arsa ne matsala, ranar da aka ba shi ofis zai sayi bulala ne maimakon agogo. Zai rubuta cunkoso a kan kowace takarda ya koma ya kwanta.

Don haka duk lokacin da wani ya ce muku mutane sun yi yawa, ku yi masa tambayoyi huɗu. Motoci ko jirage nawa aka yi alkawarin fitarwa a awa, nawa suka fito? Daga cikin waɗanda aka saya, nawa ke aiki yau? Wa ke rubuta dalilin makara, kuma shi ma yana cikin waɗanda za a iya tuhuma? Sannan direba, a kan me ake biyansa, kai ko lokaci? In ya amsa su duka da alƙaluma, kuma har yanzu jama'a sun fi ƙarfin layin, to a nan ne maganarsa ta zama gaskiya, kuma maganinta ƙarin layi ne, kamar yadda Paris ta yi.

Ina da shawara ɗaya ga ƙungiyarmu, wadda ba ta bukatar ko dala. Mu raba kanmu na wata guda, duk wanda ya yi tafiya daga tashar garin nan zuwa Madawa, Keita ko Tawa ya rubuta abu huɗu a bayan littafinsa: lokacin da ya biya, lokacin da aka tashi, mutum nawa ke ciki, lokacin da aka isa. Mu haɗa su mu buga a fitowa ta gaba, ba tare da sunan kowane direba ba. Sannan mu kai wa shugabannin tasha da ofishin magajin gari kwafi ɗaya ɗaya, mu tambaye su ko za a iya gwada mota ɗaya tak a rana mai tashi kan lokaci, cike ko ba cike ba, ko da kuɗinta zai ɗan ɗara na sauran. Ni da na rasa shekara, da na biya.

Ɗan'uwa marubuci, na gode da ka buɗe wannan magana, kuma ina jiran amsarka a shafukan nan. In za ka amsa, ka fara da New York: ka gaya mini yadda fasinja suka ragu jinkiri ya ƙaru, in dai su ne sanadi.